Bagaruwar Kaka da Ɗoɗɗoyar Maƙwabciya

Ina aji uku a firamare lokacin da na taka kututturen karan dawa a gonarmu da ke bayan gari, can gefen hanyar Malumfashi. Farkon damina ne, ana share gona, ni kuwa ina bin fara a guje ba takalmi. Tsinin ya shige min tafin ƙafar hagu. Babana ya zare shi, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure wurin, ya saɓo ni a kafaɗa zuwa gida.

Da farko ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Amma kafin Juma'a ƙafar ta kumbura ta yi suntum, ta tara ruwa, ga wani wari da ni kaina nake kawar da kai. Baba ya fito da kekensa zai kai ni asibitin mishan da ke ƙetaren rafi, sai aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafin ya cika ya batse, ko manyan maza ba su iya ƙetarawa.

A nan ne Kaka, mahaifiyar Baba, ta karɓe ni. Ta shimfiɗa min tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ce, "Maigidana, ka ga abin da gudun farauta ya jawo maka? Da ka zauna ka yi min cefane, da ba haka ba." Haka take tsokanata kullum, kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu.

Ta daka busasshiyar bagaruwa, ta tafasa rabi ta bar shi ya huce, ta wanke ciwon da ruwan. Na kurma ihu, don zafinsa har ƙwaƙwalwa. Ta riƙe ƙafar gam tana cewa, "Yi haƙuri. Abin da majema ke jiƙa fatar akuya da shi don kada ta ruɓe, ai ba zai bar taka ta ruɓe ba."

Ihun nan ne ya jawo maƙwabciyarmu. Bayarabiya ce mai sayar da kwanuka da tasoshi a kasuwar Funtua, Kirista, mijinta tela. Duk unguwa Mama muke ce mata. Ta shigo da zaninta a ɗaure sama da ƙirji, ta duƙa ta leƙa ƙafar, ta tafa hannu.

"Hajiya, za ki kashe yaro da abu mai ɗaci! Bari in kawo nawa."

Kaka ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma ba ta taɓa hana Mama kiranta haka ba. Mama ta koma gida ta tsinko ganyen ɗoɗɗoya daga wata fasasshiyar randa da ta shuka shi a ciki, ta haɗo da 'yar kwalbar zuma. Ta murje ganyen a tafin hannunta har ya fitar da ruwa mai maiƙo, ƙamshinsa ya cika tsakar gida, ya danne warin ƙafata.

"Wannan ai kayan miya ne," in ji Kaka tana taɓe baki.

"A garinmu miya ne, magani ne kuma. Ƙuda ma ba ya son sa."

Suka yi ta ja-in-ja a kaina, ni ina kwance ina kallon su. A ƙarshe suka raba aiki. Da safe Kaka ta wanke ta barbaɗa garin bagaruwa, da la'asar Mama ta matsa ruwan ɗoɗɗoya ta shafa zuma, ta naɗe da tsumma mai tsabta da ta tafasa ta shanya. Innata kuwa ta koma gefe tana dama min kunu, don ta ga ba ta da wurin sa baki. Kaka da Mama kuwa, kowace idan ta zo sai ta shinshina ƙafar, ta ce aikinta ne ke ci.

Kumburin ya fara saɓewa, warin ya tafi, na soma barci. Da ruwan rafi ya janye, Baba bai fasa ba, ya ɗora ni a keke muka tafi. Malamin asibiti ya kwance tsumman, ya duba da kyau, ya tambayi abin da ake sa min. Baba ya faɗa masa. Malamin ya ce bakin ciwon ya yi tsabta, amma tunda kara ya shiga da zurfi sai an yi min allura. Ya yi min, na yi kukan da ya fi na bagaruwa. Ya ba mu bandeji, ya ce a ci gaba da wankewa, kada in taka ƙasa.

Da muka dawo, Kaka da Mama suna zaune a zaure suna jira. Baba ya ba su labari, kowace ta ɗauki rabin da ya yi mata daɗi.

Gardamar nan ba ta ƙare ba har na shiga makarantar kwana. Duk ranar da suka zauna tsinkar zogale, sai a kira ni in yanke hukunci. Mama takan riƙe soyayyiyar agada a faranti, Kaka kuma ƙuli-ƙuli a gefen zani. Ni kuwa sai in duba wanda ya fi yawa tukuna, sannan in faɗi wadda ta warkar da ni.