Fankar Kwamfutar Isuhu

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi da idona na gan shi, shekarun baya, ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a Wadata, ƙarƙashin wani patoro, wato maigidan shagon, da ko gawa aka kawo masa sai ya tambayi nawa za a ba shi.

Akwai wani tela, Isuhu, mai aikin surfani da inji. Duk zanen wuyan riga da ya yi a rayuwarsa yana cikin kwamfutarsa ta hannu, in babu ita injin nan ƙarfe ne kawai. Ciwon ƙirji ya kashe shi, ya bar matarsa Zainabu da yara, kuma da zanen nan take shirin ci gaba da riƙe shagon. Ana cikin zaman makoki, ko rabon gado ba a fara zance ba, sai ga ƙanensa Lawali da kwamfutar a hammata, yana ta ƙamshin turare kamar mai zuwa biki. Wai a goge komai, ya samu mai saye. Na ce masa, "Abincin marayu hwa ne a ciki." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai mi ya shahe ka?" Patoro kuwa har da ba shi kujera. Tir!

Bayan azahar ne, ana zafin nan na Afrilu, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Gogewa irin wadda ba a iya dawo da komai tana cin lokaci, batir kuma dole ya kai. To, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da gudu hawa-hawa, in ka ɗaure ta a na ƙasa sai ta rage shan wuta, ta yi sanyi, fanka ma ta yi shiru. Patoro ya ture ni ya ɗaure ta a can ƙasa da hannunsa, yana ta yi wa Lawali burga.

Ko umarnin gogewar bai gama rubutawa ba, sai gudun ya haura har ƙarshe. Na leƙa jerin abubuwan da ke aiki, babu komai, wallahi babu. Ya sake ɗaurewa, ta sake haurawa. Daga nan lambar gudun ta fara hawa da sauka ita kaɗai, fanka na bin ta, ta ja da ƙarfi, ta tsaya, ta saki da wani ɗan kuka siriri. Na ga zafi ya rikita na'ura sau ba adadi, amma zafi sauke gudu yake yi, ba ya ɗaga shi.

Sai na lura Lawali ya daina kaɗa makullin babur ɗinsa. Gumi ya wanke masa fuska, ya miƙe yana ja da baya, ya ce, "Ku kashe ta! Hakanan numfashin Isuhu ya riƙa yi kahin ya cika!"

Patoro ya danne maɓallin kashewa, allo ya yi baƙi, fanka ba ta fasa ba. Na kife ta na zare batirin gaba ɗaya, ga shi a hannuna, babu waya, babu kuran a unguwar kaf. Inna lillahi! Ta ƙara ja, doguwar ja, har na ji iska mai ɗumi a bayan hannuna, sannan ta saki.

Jarumin namu Lawali a ƙofa ya bar takalmi ɗaya. Patoro, da yake shi ma cika-baki ne kawai, ya ce in kwashe masa masifar nan daga shago. Na kai wa Zainabu da yamma, na mayar da batirin na kunna mata ita, sanyi ƙalau, zanen duk suna nan. Ban gaya mata komai ba. Ita ce ma ta kara kunnenta kusa da fankar, ta ce, "Yau dai ya samu sauƙi."

Ni ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ku dai masu gyara, in an kawo muku na'ura a ce ku goge, ku tambayi ina mai ita kafin ku taɓa.