Kududdufin Yayata

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idon dama, zare ya daina shiga allura, ni kuwa ɗinki ne abincina. Likita ya ce aikin ba wuya, amma ba zai taɓa idon ba sai jinina ya sauka. Na sha magani, na bar gishiri, miya ta koma kamar ruwan wanke-wanke. Duk ranar awo sai a ɗaura mini abin nan a dantse, ya matse, sista ta girgiza kai. Kayan mutane kuwa na jibge a shagona na unguwar Ali Kazaure a Jos, masu su sun fara zuwa suna kwashewa.

Sistar, wata 'yar Tudun Wada mai fara'a, ita ta ce in riƙa zuwa zaman da take yi wa masu hawan jini. Yayata ce ke raka ni, don ba na ganin keke sai ya zo kaina. Ita lafiyarta ƙalau, rakiya kawai ta zo.

Aka raba mana takarda da fensira masu launi, mu da furfurarmu, sai ka ce 'yan firamare. Sista ta ce kowa ta rufe ido, ta ja numfashi a hankali, ta tuno wurin da hankalinta ya taɓa kwanciya, ta zauna a ciki, sannan ta zana shi. Na rufe. Wallahi ban ga komai ba sai layin famfo da bokitai. Na ƙara runtsewa, sai ga fuskar matar da na ɓata wa wuyan riga. Na buɗe ido a fusace.

Yaya fa? Ta yi nisa. Kafaɗu sun sauka, har wani murmushi take yi ita kaɗai. Da ta ɗauki fensir sai ga duwatsu ɗaya bisa ɗaya, ga shingen ƙerana, ga gonar acca, ga kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, ruwansa shuɗi. Sista ta ɗaga takardar tana nuna wa kowa, mata na ta “Kai, Hajiya!” Ni ce mai ciwo, ita ta sha yabo.

Na san wurin, ko da yake ban taɓa kwana a can ba. Tsohon barikin kuza ne a bayan gari, inda Kaka, mahaifiyar Baba, ta zauna. Yaya 'yar fari ce, kuma a gidanmu 'yar fari ba ta uwa ba ce. Inna ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya, ana yaye ta Kaka ta goya ta ta tafi. Can ta tashi 'yar lele, ana dafa mata gwaten acca, ana yi mata tatsuniya. Ni aka bari da raino da shara da ɗiban ruwa cikin sanyin Jos. In ta zo hutu da kumatunta, tana ba mu labarin tsuntsayen bakin ruwa, sai in ji kamar in shaƙe ta. Na ɗauka wannan kishin ya mutu tun muna 'yan mata. Ashe kwance yake, fensir ɗin yara ya tashe shi.

A gida na gwada nawa zanen. Abin da ya fito ba ɗaki ba ne, ba akwati ba. Sai na ce to, ai ba a sa wa kududdufi kwaɗo ba, bari in ari na Yaya a ɓoye. Na rufe ido, na bi ta shingen, na hau dutsen. Wa zan tarar? Yaya, zaune, ƙafa cikin ruwa. Ko a cikin kaina ta riga ni! Na tashi na yi tsaki.

Ranar awo muna zaune a kan benci, Yaya ta ga na kasa zama wuri ɗaya.

“Rufe ido in kai ki,” ta ce. “Ki ji sanyin dutsen a tafin ƙafarki.”

“Riƙe kududdufinki, Yaya! Ke aka ba hutu, ni aka ba bokiti. Yanzu kuma sadakarsa za ki yi mini?”

Mutane suka waiwayo. Ta gyara mayafinta. Can ta ce, “Ba ki san Kaka ta zo ɗaukarki ba, ko? Kina ƙarama. Ta ce a haɗa mu, in samu abokiyar wasa. Inna ta suri hannunki ta shige ɗaki, ta sa sakata. Ina tsaye a tsakar gida ina jin ta. Ta ce an karɓe mata ɗaya ta yi shiru, wannan kam ba inda za ta. Baba ya yi, ya yi, ta ƙi buɗewa. Ni da Kaka muka koma mu biyu.”

Na juyo zan dube ta. Sai ga sista ta leƙo ta kira ni.

Na zauna, ta ɗaura abin, na rufe ido. Ba dutse, ba ruwa. Ɗakin Inna ne, da duhunsa da ƙamshin man kaɗanya, ana buga ƙofa daga waje, ni ina matse a cinyarta. Ban sani ba ko tunawa na yi ko ƙirƙira na yi. Na dai ji abin ya saki dantsena.

“Mama, ina kika je yau?” in ji sista. Ta sake aunawa don ta tabbatar jinin ya sauka, sannan ta shiga wurin likita, aka sa mini ranar aiki.

Na fito na sami Yaya rungume da jakata. Na ce an sa rana. Ta ce alhamdulillahi. Sai da muka kai bakin titi muna jiran keke ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko zan zana mata cikin ɗakin nan in idona ya buɗe, don ita daga waje ta tsaya.