Ƙofofi Biyar a Murhun Sulle

Sulle magini ne a Rogo Ruma. Shekara talatin ke nan yana gina murhun dafa mazarƙwaila, kuma a murhun ma ba wurin wutar ne ya dame shi ba. Wuta, in ji shi, kowa ya iya hura ta. Abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai shi ne hanyar hayaƙi.

A yawancin wuraren matsar rake, tukunya ɗaya ake ɗorawa, zafi ya lashi gindinta sau ɗaya ya tashi sama. Sulle yana kiran wannan almubazzaranci. Shi tukwane uku yake jerawa, ya gina wa hayaƙi hanya a ƙarƙashinsu, mai faɗi kusa da wuta, tana tsukewa a hankali har bututun da ke ƙarshe. Ba ya yi mata kwana. Ƙarƙashin kowace tukunya yana tayar da ɗan tudun laka, don hayaƙin ya hau ya shafi gindinta ko'ina daidai. Ta farko na tafasa, ta biyu na ɗaukar zafi, ta uku na ɗumi, dukansu da tuƙar raken da wasu ke ƙonawa a kan tukunya guda. In ya gama sai ya hura wuta, ya yayyafa ruwa a tukwanen, ya tsuguna yana kallo. In gefe ɗaya ya riga bushewa, sai ya rushe ya sake.

Bara ya gina wa Alhaji Yusha'u na Ruwan Bago irin wannan murhu, kuma bai taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Manoman rake na Falgore suka aiko cewa za su zo su gani, in ya yi musu su ba shi aikin nasu. Sulle ba mai doki ba ne, amma a makon nan sai da ya ɗinka sabuwar riga.

Ranar da za su zo, da hantsi, saƙon Alhaji ya riske shi: murhu ya lalace. Tukunyar farko tana ƙonawa ta gefe ɗaya, ruwan raken da ke ta uku kuwa yana zaune da sanyinsa har ya yi tsami.

Sulle ya hau babur. Da ya isa bai tsaya kan tukwanen ba, ya bi bayan hanyar hayaƙin. An fasa mata ƙofofi biyar a jere, kowace an shafe bakinta da laka tsaf. Wanda ya yi ɓarnar ya ba ta lokaci.

Ya kira Jibo, dattijon da ke iza wuta.

"Jibo, wace gafiya ce ta yi wannan?"

"Malam Sulle, ka iya bakinka. Ta farkon ta Alhaji ce. Butar alwalarsa ake ɗorawa. Ka san sanyin bana."

"Ta biyun fa?"

"Liman. To Alhaji zai yi alwala da ruwan ɗumi liman na yi da na sanyi? Ai babu kyau."

Ta uku ta shayin ma'aikata ce. Ta huɗu ta Hajo ce, yayar Alhaji, tana gasa dankali. Ta biyar babu mai ita, an buɗe ta ne saboda baƙi.

Alhaji ya iso, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da sanyi, Sulle yana amsawa yana kallon ƙofofin. Sannan ya yi bayani a tsanake. Kowace ƙofa tana zubar da zafi, tana shigo da iska mai sanyi. Hayaƙin ya daina ja, shi ya sa wuta ta taru a gefe guda, tukunyar ƙarshe kuma babu abin da ke isa gare ta. A toshe su, yau ɗin nan murhu zai dawo.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Ba kai ka ce kada a bar zafin hayaƙi ya tafi a banza ba? Ai maganarka muka bi."

"Alhaji, don rake na faɗa."

"To ruwan alwala ne fa, Malam Sulle. Kana nufin ibada ce ta ɓata mini mazarƙwaila?"

Sulle ya duba hagu da dama. Jibo ya sunkuya yana iza wuta.

Ana cikin haka mutanen Falgore suka sauka, su shida. Suka wuce tukunyar da ke ƙauri, suka wuce wadda ke tsami, suka tsaya a kan butoci. Babbansu ya tsoma yatsa a ta liman, ya jinjina kai.

"Kai, Malam Sulle, Allah ya yi maka basira! Namu ƙofa bakwai za ka yi mana, muna da jama'a."

"Ba ni na fasa su ba. Su ne ma suka kashe murhun."

"Ka ji masu ilimi, ba sa son yabo."

Sulle ya ce ba zai gina murhu mai ƙofa ko ɗaya ba. Suka yi masa godiya, suka ce za su yi shawara. Shawarar ta faɗa kan Jibo, wanda ya ga yadda aka yi ginin, kuma shi ya fasa ƙofofin da hannunsa.

Yanzu akwai irin wannan murhu guda tara tsakanin Falgore da Ruwan Bago. Suna cin tuƙa, in ta ƙare su ci itace, mazarƙwailarsu baƙa ce mai ɗan tsami. Jibo mutum ne mai amana, bai yarda ya ci sunan wani ba: duk inda ya gina, yana faɗa wa mutane murhun Sulle ne. Mazarƙwailar ma ta Sulle masu saye a kasuwar Ƙaraye suke kiranta in sun ɗanɗana sun tofar.

Watan jiya Sulle ya je Falgore ta'aziyya. Aka gane shi, aka shimfiɗa masa darduma a gaba, aka kai shi ya ga aikinsa. Ƙofa ta bakwai har da murfin ƙarfe. Da azahar ta yi, mai gidan da kansa ya ɗauko buta daga kan murhun, ya riƙo ta da hannu biyu ya ajiye a gabansa.

Sulle ya ce a ɗebo masa na randa.