Cunkoso a Fili Fetal

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi ko kalma ban ƙara ba. Shekarun baya ne, ina aiki da wani kamfani mai auna ƙarfin sabis ɗin waya, muna zaune a Kazaure, kullum mu loda kwamfuta da eriya a mota mu nausa Roni ko Babura, ni ina kallon na'ura, direbana Malam Sabo yana tuƙi yana cin gyaɗa yana ba ni labarin da ban tambaye shi ba.

Bari in ɗan faɗa muku wani abu game da aikin. Jikin mutum yana tare sabis. In ka shiga cunkoso, kamar ranar da kasuwar Babura ke ci, sai awon ya faɗi ya riƙa rawa, ba don sabis ɗin wurin ya lalace ba, jama'a ce ta tsaya tsakaninka da ƙarfen sabis. Maganinsa mai sauƙi ne: ka ɗaura eriya a gora, ka ɗaga ta ɗan sama da kawunan mutane, shi ke nan.

To akwai wani fili a wajen Gwiwa, fako ne fetal, babu bishiya babu dutse, ga ƙarfen sabis can ana hangensa, amma ina kunna na'ura sai awon ya faɗi yana rawa irin ta tsakiyar kasuwa. Na kai wa ogana awon, ya ce kuskure ne. Na canza waya, na ari wata eriyar, na koma, abu ɗaya. Oga, wani mutumin kudu mai Hausa a baki, ya ce ko dai ban iya aiki ba, ko a gindin bishiya nake zama in ƙirƙiro, kuma in na sake kawo masa wannan shirmen in nemi wani aikin. Gaskiya hankalina ya tashi, don a lokacin matata ko wankan jego ba ta gama ba.

Muka koma da rana tsaka. Ina tsaye ina zufa ina hararar kwamfuta, sai ga wani dattijo a kan keke, maimakon ya ratsa fili sai ya yi ta zagaye ta gefe har ya iso kusa da mu. Muka gaisa, ya ce, "Samari, ku ɗan matsa da motar nan mana, kun tare wa mutane hanya."

Na waiga gabas na waiga yamma, ko akuya babu. Na ce, "Baba, waɗanne mutane?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai yau kasuwa ke ci, ɗana." Ya taka kekensa ya wuce.

Malam Sabo ya ƙyalƙyale har da buga mota, ya ce, "To Injiniya, tunda kasuwa ce, yi mata maganin kasuwa mana!" Ni ma da dariyar na ɗaura eriya a gora na ɗaga sama da kaina. Ba abin da ya canza. Na hau rufin mota na miƙa hannu, har yanzu rawa take. Taurin kai ya motsa, na sa Malam Sabo ya haɗa gora biyu ya miƙo mini, na yi ta ɗagawa sannu a hankali, sai can ƙololuwa awon ya tsaya cak, tas da shi, irin wanda oga ke so. Kai, na yi murna har da kabbara!

Sai na ji Malam Sabo ya daina tauna gyaɗa. Ya ce, "Injiniya, a kasuwar Babura iya ina kake ɗaga gorar nan?"

Na ce, "Ɗan sama da kai kawai."

Ya ɗaga ido ya dubi kan gorar, ya ce a hankali, "To su waɗannan, yaya tsawonsu ke nan?"

Bai rufe baki ba na ji an bangaji gorar daga can sama, irin bangazar mai sauri da ya ɗauko kaya, alhali ko iska ba ta motsi. Innalillahi! Tsikar jikina ta tashi, amma na tuna mai jego, na ƙanƙame gora na ce, "Bayin Allah, ku yi haƙuri, yanzu za mu ba ku wuri." Ba a sake taɓa ta ba har awon ya kammala. Yadda muka bar wurin kuwa, ku tambayi Malam Sabo, shi da ya manta ledar gyaɗarsa a ƙasa kuma ya ce ya bar musu sadaka.

Oga ya yaba aikin, ya tambayi me na gyara, na ce eriya kawai na ɗaga, kuma ban yi ƙarya ba. Har yau ban san da wa muka yi cunkoso ba. Shawarata dai, in sabis ya ɗauke muku a fili fetal, kada ku zagi kamfani tukuna, ku yi sallama ku matsa gefe. Kuma don Allah kada ku ɗaga kai sama.