Sirrin Raliya da Ya Shiga Katun

Wata rana wani mai zanen katun a Funtuwa, Sagir sunansa, ya zauna yana duba masu kallon shirinsa a waya.

Shirin na wani tsohon mai shayi ne, Baba Ilu, da abokan hirarsa masu gardamar siyasa. Manya na kallo, suna shan dariya.

Yara kuwa ko a jikinsu.

Abokin aikinsa mai haɗa muryoyi ya faɗa masa gaskiya: wayar gida a hannun yara take wuni. In ba su ga ɗan'uwansu a ciki ba, tsallakewa za su yi. A ƙirƙiro wa Baba Ilu jika kawai.

Sagir ya yi sati guda yana zane yana gogewa. Duk yarinyar da ya zana sai ta fito lami, babu abin dariya a jikinta.

Sai idonsa ya faɗa kan 'yarsa, Raliya.

Shekararta takwas, ga giɓi a baki, ga koren hijabi da kullum yake karkacewa gefe ɗaya. Tana da in'ina, shi ya sa ba ta cika magana ba. Mutane ba su da haƙurin jira, kafin ta kai ƙarshen zance sun ƙarasa mata.

Ranar ya kira ta, ya shimfiɗa tabarma, ya ce ta ba shi labarin makaranta.

Ya jira ta. Bai katse ta ba, bai ƙarasa mata ko kalma ɗaya ba.

Allah sarki, yarinya! Sai ga baki ya buɗe.

Kullum ta dawo makaranta, ko takalmi ba ta cirewa sai ta nemo Abbanta. Ta gaya masa tana tsoron talotalon maƙwabta. Ta gaya masa ta taɓa haɗiye ƙwallon lemo, ta wuni tana kuka wai bishiya za ta tsiro mata a ciki.

Shi kuwa biro na hannunsa, littafi na kan gwiwarsa. Tana faɗi, yana rubutawa.

Haka aka haifi 'Yar Firit, jikar Baba Ilu: giɓi, koren hijabi a karkace, da in'ina.

Kai jama'a, shiri ya karɓu! Yara suka dinga ƙwace wayar iyayensu. A lungu sai ka ji ana kwaikwayon muryar 'Yar Firit.

Mahaifiyar Raliya ta ja shi gefe, ta ce wannan abu bai kwanta mata ba. Ya ce haba, ai ya canza suna, wa zai gane?

Wata Laraba Raliya ta dawo ido jajur. Ta raɗa masa a kunne cewa fitsari ya matse ta a aji, ta ɗaga hannu, amma kalmar ta maƙale. Kafin ta fito, aikin gama ya gama. Malamarsu ce ta rufa mata asiri, ta ce ruwan gora ne ya zube.

Ta riƙe masa yatsa, ta sa ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Ya yi alkawari.

Sati biyu bayan nan, ranar fitar da sabon shiri ta matso, kansa babu komai. Ya buɗe littafi, ya ga labarin nan. Zuciyarsa ta ce kar ka yi. Ya ce wa zuciyar ai 'Yar Firit ce, ba Raliya ba.

Ya zana shi. Har gorar ruwan bai bari ba.

Babu shirinsa da aka taɓa kallo kamar wannan.

To 'yan ajin su Raliya makafi ne? Sun san giɓin, sun san hijabin, kuma a gabansu aka yi zancen gora.

Ran Litinin Sagir yana kan tabarma da littafinsa, yana jiran labari. Raliya ta shigo da wani farin hijabi da ta aro, nata koren a dunƙule cikin jaka. Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya ce, "Zo mana, Raliyata, yau me aka yi a makaranta?"

Ta kalli biron da ke hannunsa. Ta daɗe tana kokawa da kalmar, sannan ta fito.

"Abba, ni kake saurare, ko 'Yar Firit kake nema wa labari?"

Wallahi ya san amsar.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon a kan 'yarsa ya sauka, shi yana can yana karanta yabo.

A ranar ya goge shirin. Amma ina! Ya riga ya bazu a wayoyin mutane. Ya cire 'Yar Firit gaba ɗaya, ya ce ta koma ƙauye. Masu kallo suka yi ta zaginsa. Ya durƙusa gaban yarinya 'yar shekara takwas ya nemi gafara.

Ta ce ta yafe. Yara ba su da riƙo.

Yau wata bakwai ke nan. Har yanzu yana shimfiɗa tabarmar, yana zama hannu biyu a buɗe, babu biro babu littafi.

Takan zo ta zauna kusa da shi. In ya tambaye ta makaranta, sai ta fara duba hannunsa, sannan ta ce, "Lafiya lau."

Daga nan ba ta ƙarawa.

Darasi: Abin da ɗanka ya raɗa maka amana ce, ba kayan nishaɗin mutane ba. Kafin ka ɗora kukansa ko kuskurensa a waya don a yi dariya, ka tuna gobe shi zai shiga aji, ba kai ba. Magana zarar bunu ce.

In ka san wani uba ko wata uwa da ba sa ajiye waya in yaro ya yi abin dariya, tura musu wannan tun yaran nasu suna ba su labari.