Kwana Uku Ana Ɓare Rufin Motar Baba

Ƙarfe shida da minti arba'in na yamma ne, ranar Asabar, a saman gidanmu na unguwar Waziriyya, a Jidda. Waɗanda ke wurin su ne Kaka, mahaifiyar Umma, a kan kujerarta 'yar tsugunne. Ni, ina da shekara goma sha ɗaya. Ƙannena Usama da Habibu. Da 'ya'yan maƙwabta huɗu da suka saba hawowa. Umma tana ɗaki tana ɗinki. Baba yana lungu, a gindin bangon da muke zaune a samansa, shi da motarsa.

Na riƙe lokacin ne domin Kaka ba ta saɓa shi. Ana sallame magariba za ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora butar shayi da na'ana'a, ta baza gyaɗa a gefen wuta. Sai wutar ta yi ja za ta buɗe baki, kuma da an kira isha'i ta rufe shi, ko da kura ta riga ta kama akuya. Ta zo aikin hajji ne a jirgin ruwa tun kafin a haife ni, ba ta koma ba. Garinsu ban taɓa ganinsa ba, amma na san rijiyarsa da tsamiyarsa da sunan mahaukacinsa, duk daga bakinta. Hausar da nake rubutu da ita yanzu a gaban kurfotin nan na same ta, don a makaranta da titi Larabci muke yi. Wannan alheri nata ne, ba zan ɓoye shi ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa a gida. Cewa take yi, "Ga ta nan ta sauko daga jirgi, ba ta da iƙama," wato takardar izinin zama a ƙasa.

Mu kuma mu amsa, "Ta shigo mu ɓoye ta!"

Kafin in faɗi tatsuniyar wannan Asabar, dole in faɗi abu biyu, in ba haka ba ba za a gane ta ba.

Na farko, tsakanin Baba da Kaka akwai surukuta irin ta mutanen da. Bai taɓa kallon fuskarta ba. Bai taɓa cin abinci tana gani ba. Da safe zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ita kuma ba ta faɗin sunansa, sai dai "mai gidan nan". A can gida da kowa na garinsa, sai shekara-shekara. Jidda ce ta cusa su cikin ɗaki biyu da tsakar gida ɗaya. Sai ya zamana ita tana da baki, shi ba shi da shi, ko me ta faɗa.

Na biyu, motar. Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani dattijo a Aziziyya, a wata doguwar motar Amurka baƙa wul. Rufinta farin yadi ne mai kauri kamar tamfol, da haƙarƙarin ƙarfe suna nunawa ta ƙarƙashinsa, da maɓallai masu walƙiya jere a gefe. Duk wanda ya gan ta zai rantse rufin nan naɗewa yake yi ya koma baya. Ranar da Baba ya kama aiki ya tambaya, kafili ya ce masa, "Yana buɗewa mana, an dai kulle shi ne saboda rana." Wasa yake yi. Baba bai san wasa ne ba. Kullum bayan asuba sai ya wanke rufin nan da ruwa da sabulu da buroshi, har mutane suna tsayawa su yaba farinsa.

Da dattijon ya daina fita, ya ba Baba zaɓi: ko ya sa shi gadin kamfanin ɗansa, aiki a zaune har tsufa, ko ya ɗauki motar ya nemi na kansa. Baba ya ɗauki mota. Ya ce zai riƙa kai amare da ita. Ya ce mana ranar salla zai buɗe rufin ya zaga da mu bakin teku. Ni kuwa ban bar yarinya ɗaya a makarantar hadda ban gaya mata ba.

Ranar Alhamis ya sa muka yi wanka, ya kai mu wurin Amm Bakur samkari, mai gyaran jikin mota, don mu ga buɗewar da idonmu. Amm Bakur haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya zaga motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa rufin da bayan yatsa.

"Ya Hajji, wannan hadid ne. Ƙarfe. Me zan buɗe maka?"

"Kulle shi aka yi. Mai ita ya gaya mini."

"Mai ita! To ni ma na gaya maka gobe zan tashi sama. Ado ne, ya sheikh. Yadi aka manna wa ƙarfe da gam." Sai ya danna babban yatsansa kusa da gilashin baya. Wurin ya lotsa, ya yi ƙara kamar an taka busasshen ganye. Dariyarsa ta ɗauke. "Wa ke wanke shi?"

"Ni."

"Kullum?"

"Kullum."

"La haula. Je ka ɓare shi mu ga abin da ya rage. A haka ko wurin fahas, masu duba lafiyar mota, ba za su bar ta ta wuce ba."

Ya lissafa masa yadda zai yi, Baba ya bi lissafin daki-daki a lungunmu, kwana uku.

Ranar Asabar ya cire ƙarafan ado na gefe da maɓallan. Babu maɓalli ɗaya da ke riƙe da wani abu. Kowanne ƙusa ce kawai aka soka a jikin mota. Ya jera su a faranti. Da magariba ta wuce ya jawo ƙwan lantarki ta taga ya ci gaba.

A sama kuma Kaka ta ɗauko tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba, da murya wadda ta fi ta kullum ƙarfi. Wai an yi wani mutum, bawan wani attajiri. Attajirin yana da raƙumi da aka lulluɓe wa baya da farin mayafi. Ya ce wa bawan, ƙarƙashin mayafin nan fukafukai ne. Bawa ya yarda. Kullum da asuba sai ya kwarara wa mayafin ruwa ya goge. Da attajiri ya tashi sallamarsa ya ce, zaɓi, ko gona mai rijiya ko raƙumi.

"To, ku me za ku ɗauka?"

"Gona!" in ji mu duka.

"Kun ji yara ma. Shi kuwa gwanin naku ya ja akalar raƙumi, yana tafe yana kallon sama, yana zaɓen gajimaren da zai sauka a kai."

Muka yi ta dariya har Habibu ya ƙware da gyaɗa. Aka kira isha'i.

Ranar Lahadi Baba ya bari rana ta gasa rufin har azahar don gam ya saki, sannan ya yanka yadin da reza ya fara ja. Yana fitowa guntu-guntu, da wari kamar na tsumman da ya kwana a ruwa. Ƙarƙashinsa soso ne, ya yi baƙi, jiƙe sharkaf, a garin da sai a yi wata da watanni ba a ga ruwan sama ba. Haƙarƙarin kuwa ba ƙarfe ba ne, ƙullutu ne aka fitar a jikin wata farar fiba mai kama da akushi a kife. Ya ɗauki ƙarfen kankara ya shiga kankare soson.

Da yamma Kaka ta ɗora. Bawa ya tara 'ya'yansa da maƙwabta su zo su ga tashin raƙumi. Ya ɗaga mayafi. Babu fiffike, sai karan dawa da aka ɗaure da igiya. A nan na lura da wani abu. Daga lungu ana jin ƙarar kankara, ƙurr, ƙurr. Da Kaka ta fara magana sai ƙarar ta tsaya. Da ta ɗaga kofin shayi sai ta dawo. Na dubi Kaka, ta dube ni, ta ƙara mini gyaɗa. Na gane, kuma na ci gyaɗar.

Umma ta hawo da zare a wuyanta. "Inna, don Allah ya isa haka."

"Me ya isa? Tatsuniya nake yi wa jikokina. Ke koma kan kekenki, tunda shi ne gonar gidan nan."

Umma ta sauka. Kaka ba ƙarya ta yi ba, keken ɗinkin nan shi ke ciyar da mu tun da Baba ya bar Aziziyya, kuma Kaka ce ke shafa wa Umma man zafi a baya kowace safiya.

Ranar Litinin ya aro na'urar huji ya fasa kan ƙusoshin da suka riƙe fibar. Da la'asar shi da wani maƙwabci suka ɗaga ta. Ina tsaye. Rufin gaskiya ya fito ja jawur kamar ƙasar gini. Kewayen gilashin baya ya rududduge, kowane ramin ƙusa ya buɗe ya zama kamar bakin kofi. Baba ya leƙa cikin motar, hasken rana ya sauka a fuskarsa ɗigo-ɗigo, kamar ta rariya. Ya shafa wurin da tafin hannu, garin tsatsa ya zubo a kujerar da bai taɓa barin kowa ya ci ko dabino a kanta ba. 'Yan ajinmu biyu suna wucewa, ɗaya ta ce, "Mabruk, ya buɗu." Na shige gida ina jin kamar in haɗiye zuciya. Ba tausayinsa nake ji ba. Haushinsa nake ji.

Da yamma Kaka ta kai ƙarshe. Aka cire karan dawa, sai ga bayan raƙumi gyambo ne tun daga wuya har wutsiya, tsutsa na iyo a ciki. Ruwan da bawa ke kwararawa kullum shi ya ruɓar da dabbar.

"Shekara goma sha ɗaya yana kashe abinsa da hannunsa, yana jiran a yaba masa," in ji ta. "To saura abu ɗaya. Gwanin nan ba shi da suna. Wanda ya raɗa masa mai kyau, gyaɗar yau duka tasa ce."

Usama ya ce Wawa. Ta ce wawaye sun yi yawa. Wani ya ce Mai Raƙumi. Ta taɓe baki. Lungu shiru, babu kankara, babu motsi. Na san yana ji. Na ɗaga murya na ce, "Abu Sada."

"Me ke nan da Hausa, 'yar nan?"

"Uban Tsatsa."

A tatsuniyar babu tsatsa. Raƙumi ba ya tsatsa. Yaran maƙwabta suka dubi juna, sannan suka ruga bakin bango suka leƙa ƙasa, suka kece da dariya. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta juye mini gyaɗar a mayafina tana rufe tatsuniyar da cewa, "Halas, an kama ta an mayar da ita gida." Daga lungu muka ji an ajiye ƙarfe a hankali, sai takun takalminsa ya nufi masallaci, tun ba a kira salla ba.

Amm Bakur ya ce sai dai a yanke rufin gaba ɗaya, kuma ba ta cancanci haka ba. Aka ja motar zuwa tashlihi, inda ake farke matattun motoci. Gadin kamfanin an riga an ba wani. Baba ya koma dako a kasuwar kifi.

Sunan kuwa bai kwana uku ba ya zaga unguwa. Yara suka fara, mai baƙala, wato mai kantin unguwa, ya ɗauka, daga baya har abokansa na sahun farko. Da muka ƙaura Mada'in Fahad sunan ya riga mu isa. Yana amsawa. Ya ci gaba da durƙusa wa Kaka kowace safiya har ta rasu, kuma da shi aka ɗauki makararta. Ni kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sau uku na shirya in nemi gafararsa, sau uku na ga yana murmushi na ce a bari sai wani lokaci.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne wanda Kaka ta nufa: a ɗaga mayafi kafin a karɓi raƙumi. Darasi ne na gaskiya, har yau ba na sayen ko tukunya ban juya gindinta ba. Sai da na aurar da 'yata, surukina ya durƙusa a gabana kansa a ƙasa, na ji yadda bakina ya yi sauƙi, sannan na ga sauran. Kaka ta zaɓi mutum ɗaya tak a duniya wanda ba zai iya mayar mata da magana ba, ta yanka shi a gaban 'ya'yansa kwana uku. Duk da haka ita ta tsaya a raƙumi. Da an bar ta a nan, da tatsuniya ce, ta mutu da wutar kurfoti. Wadda ta sauko da ita lungu ta manna masa a goshi, ni ce.

Ranar da ya rasu ina bayan labule na ji wani yana sanarwa a ƙofar gida, da kyakkyawar niyya, cewa Allah ya yi wa Abu Sada rasuwa. Wani ya tambayi sunansa na yanka don a rubuta, sai da aka aiko ciki aka tambaye mu.

A tarbiyyarmu 'ya ba ta faɗin sunan ubanta, kuma ban taɓa faɗa ba. Yau zan rubuta shi. Sunansa Malam Isiyaku. Idan ka zauna a Waziriyya ko Mada'in Fahad ka san shi da wancan sunan, ko ka taɓa kiransa da shi, ina roƙonka ka bar shi daga yau. In ka idar da salla, ka ce Allah ya ji ƙan Malam Isiyaku, ka faɗa a fili yadda na kusa da kai zai ji.