Sunan Malam Buba sau biyu

Jama'a, yau lambar mamaci ta kira ni!

Ina zaune shago nan Tambuwal, sai ga sunan Malam Buba na Fakku a wayata. Mai sayen taki wurinmu ne, ya rasu tun bazara! Na ɗauka, ashe matarsa ce.

Ta ce, "Ɗiyata ta karanta min saƙonku. Wai Malam Buba ya zo, taki ya iso."

Innalillahi! Ni da hannuna na goge sunansa! Na buɗe jadawalin masu sayayya da muke tura wa saƙo a kwamfuta. Ashe sau biyu munka shigar da shi, da sunan Abubakar da kuma Buba. Na goge Abubakar, Buba yana can ƙasa.

Abokin aikina ya ce, "Da muna da manhaja mai ba kowa gurbi guda, da haka bai faru ba."

Na ce wa matar, "Inna, ki gafarce mu, yanzu za ni goge shi."

Sai ta ce, "A'a ɗana, bar shi. Tunda anka watse zaman makoki, ba wanda ya sake nemansa sai ku."

Wallahi haka na bar sunan Buba a jadawalin.